Bishara Ba Ƙugiya Ba Ce

Karatu: Luka 17:11-19



Da zarar damina ta ja baya, mun san abin da ke biyowa a zumuntocin matasa da yawa, daga Kano zuwa Kaduna har Jos. Za a fara tara kuɗin fita bishara. Za a buga riguna masu rubutu a ƙirji, a yi hayar bas, a ɗauki janareta da lasifika, a sayi buhunan shinkafa da katan ɗin sabulu, a tattaro gwanjo daga gidajen membobi, a roƙi ma'aikacin jinya guda ya biyo da akwatin magani. Sannan a nemi wurin da sunansa zai taɓa zuciyar masu ba da baiko. Ƙasar Haɗeja tana cikin wuraren da ake so, domin tana da nisa, Kirista kuma kaɗan ne a cikinta. Ranar Juma'a a tashi, Asabar a raba kaya a yi wa'azi, Lahadi a dawo a tsaya gaban ikkilisiya a ce rayuka kaza sun karɓi Yesu. A tafa. Kafin a tashi sujada hotuna sun hau Facebook.

Mun rubuta wannan ne domin mu faɗa ƙarara cewa irin wannan tafiya ba ta cancanci a kira ta aikin mishan ba. Tana cutar mutanen da aka je wurinsu, tana cutar 'yan'uwa ƙalilan da ke zaune a cikinsu, tana kuma zubar da darajar sunan da aka je ɗaukakawa. Mun san masu shirya ta yawancinsu da zuciya ɗaya suke yi. Amma kyakkyawar niyya ba ta hana direba jefa mota a rami.

Mu ɗauki Kirikasamma. Ƙaramar hukuma ce a masarautar Haɗeja, cikin fadamar da kogin Haɗeja ke shimfiɗawa kafin ya wuce Nguru da Gashuwa. A cikinta Baturiya take, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai lokacin sanyi, wurin da aka sa cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci a 2008. Mutanenta Hausawa ne da Mangawa da Badawa da Fulani, manoman shinkafa da gero da riɗi, masunta, makiyaya, masu saƙar tabarmar kaba. Kusan dukansu Musulmi ne, kuma ba jiya suka zama ba. Rayuwarsu a kan ruwa take rataye, ruwan kuwa ya daɗe da sauya hali. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin ya daina bin tsohon tsarinsa na cika da damina ya janye da rani. Ruwan da ake saki duk shekara ya ba ciyawar kacala wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa tare da yashi, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar sauro da tsuntsayen jan-baki masu share gonar shinkafa cikin 'yan kwanaki. Ruwan da ya rasa hanyarsa sai ya karkata ta mashigar Marma ya kwanta a gonakin mutane, waɗansu garuruwa kuma a can ƙasa su rasa ko na ban-ruwa. A 2012 da 2018 da 2020 da 2022 ambaliya ta ci gidaje da amfanin gona a wannan yanki. Ga kuma rigimar manoma da makiyaya da ke tashi a Kirikasamma da maƙwabciyarta Guri in kaka ta zo, wadda takan ci rayuka.

Mutum nawa cikin masu hawa bas ɗin nan suka san ko ɗaya daga cikin waɗannan? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wa ya tambaye shi?

Dubi lokacin da ake zuwa ma kawai. Ana zuwa ne a Nuwamba ko Disamba, domin hanya ta bushe, makarantu sun yi hutu, sauro ya ragu. Wato an zaɓi lokacin da ya yi wa mai zuwa daɗi. A daidai wannan lokaci ne manomin fadama yake da ɗan abin da ya samu a rumbu. Ana ɗauko shinkafa daga kasuwar birni a kai wa masu noman shinkafa, a watan da suka gama sussuka! Wahalarsu tana Agusta da Satumba, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ruwa ya yanke hanya sai da kwalekwale, katangar laka tana faɗuwa da dare, zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara, amai da gudawa na bin rijiyoyin da ambaliya ta gurɓata. A waɗannan watanni ba ka ganin riga mai rubutu ko ɗaya a Marma ko Turabu. Masu rigunan suna gida suna shirin taron ƙarshen shekara.

Maganin da ake rabawa ma haka. Mutumin da aka auna aka ce jininsa ya hau, aka ba shi ƙwayar mako biyu, aka tafi, me aka yi masa? Yaron da ke fitsarin jini domin tsargiya zai koma cikin ruwan nan gobe, domin a cikinsa ubansa yake samun abinci. Asibitin yini ɗaya da ba shi da haɗi da asibitin gwamnati na kusa, ba wanda zai bibiya, ba takardar da za a bar wa mai haƙuri, hoto ne kawai ake nema da shi.

Amma abin da ya fi damunmu ya wuce rashin tsari. Shi ne yadda ake ɗaure kyautar da wa'azin. Ana tara mutane a fili, buhuna a jere inda kowa zai gan su, a ce sai an gama jin Maganar Allah za a raba. Bayan wa'azi a ce wanda yake so ya ba da ransa ga Yesu ya ɗaga hannu. Matar da ta taho daga nesa da goyo, tana kallon buhu tana kallon mai wa'azi, me kuke zato za ta yi? Ga kuma kunya da karamci irin na mutanen karkara: baƙo ya zo daga nesa ya kawo maka alheri, ya roƙe ka abin da bai fi ɗaga hannu ba, ai ba ka ba shi kunya a gaban jama'a. Sai a ƙirga hannuwan a rubuta su rayuka. Masunci a bakin kogin Haɗeja ya san wannan dabara sarai, domin da ita yake cin abinci. Yana maƙala tana a ƙugiya, kifi ya zo don tanar, ya tafi da ƙarfen a maƙogwaro. Kuna tsammani bai gane lokacin da aka yi masa irinta ba?

Wani zai ce ai Ubangiji da kansa ya kira mu masuntan mutane. Gaskiya ne. Amma ku koma Markus sura 1 ku ga abin da ke hannun mutanen da ya kira. Taru ne, waɗansu suna jefawa, waɗansu suna gyarawa. Taru a fili ake jefa shi, ba ya yi wa kifi alkawarin abinci.

Karatunmu na yau ya yanke wannan magana. Kutare goma suka yi kira ga Yesu daga nesa a kan iyakar Samariya da Galili. Bai tambaye su ko za su bi shi ba. Bai sa su jeru su ji huɗuba tukuna ba. Ya aike su wurin firistoci, a kan hanya duka goman suka tsarkaka. Ɗaya ne ya dawo da godiya, shi ma Basamariye. Yesu ya tambayi inda sauran taran suke, abin ya taɓa shi. Amma ku lura da abin da bai yi ba: bai mayar musu da kuturtar ba. Tara sun tafi da lafiyarsu kyauta, kuma ya san za su tafi tun kafin ya warkar da su. In da kwamitin bishara na zamaninmu ne ya kawo rahoton ɗaya cikin goma, da an ce tafiyar ba ta yi albarka ba. A 2 Sarakuna sura 5 ma, Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala daga Na'aman, jarumin ƙasar da ke kai wa Isra'ila hari. Gehazi ne ya bi shi a baya don ya mai da alherin Allah ciniki, kuma kun san abin da ya manne masa. A Yohanna sura 6, sa'ad da taro ya bi Yesu hayin teku domin gurasar jiya, bai ƙirga su ya yi murna ba. Ya gaya musu a fuska cewa ciki ne ya kawo su, ya yi musu koyarwa mai wuya har da yawa suka juya. Ubangiji ya ƙi taron da gurasa ta tara, mu kuwa muna saye da shinkafa abin da shi ya ƙi karɓa kyauta.

Sai zancen hoto. Matiyu sura 6 ta hana mu busa ƙaho in muna ba da sadaka, to wayar da ke hannunmu ta fi kowane ƙaho kai nesa. Dattijon da ya noma fadama shekara 50 yana ciyar da gidansa, ambaliya ta karya shi shekara ɗaya, sai a ɗauke shi yana miƙa hannu a watsa wa duniya. Da mahaifinku ne, za ku yarda? Abin da ya fi wannan muni shi ne hoton wanda aka ce ya tuba. A ƙauyen da kowa ya san kowa, kuma akwai waya a kowane gida, sa fuskar mutum a intanet da rubutun cewa ya bar addinin iyayensa na iya raba shi da matarsa, da gonarsa, da gadonsa, har da abin da ya fi haka. In da gaske ya ba da gaskiya, an jefa shi cikin wuta ba mai riƙe hannunsa. In kuwa don kunya ya ɗaga hannu, an jawo masa masifa a kan abin da bai ma yi ba. Mai ɗaukar hoton yana Kano yana ƙirga masu yaba masa.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Bas ta tafi, amma akwai waɗanda ba su da bas ɗin shiga: malamar makaranta da aka turo aiki, ma'aikacin lafiya, mai shagon magani, ɗan bautar ƙasa, iyalai kaɗan da ke taruwa ranar Lahadi a ɗaki guda. Sun yi shekaru suna gina amana da gaisuwar mutuwa da zuwa suna da biyan bashi a kan lokaci. Dare ɗaya na lasifika a kusa da masallaci, da wa'azin da ya taɓa abin da mutane ke girmamawa, ya isa ya rushe wannan duka. Washegari su ne za a kira gaban dagaci su amsa tambayar da ba su san asalinta ba. Sau nawa ake neman shawararsu kafin a zo?

Ya kamata matasanmu su san tarihin ƙasar da suke takawa. A 1900 Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller suka shiga Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. A watan Afrilu na 1906 sojojin Ingila suka afka wa Haɗeja, Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen daga tare da manyan bayinsa da jama'a masu yawa, har yau kuma ana tunawa da wannan rana a garin. A idon mutanen wannan ƙasa, baƙon da ya zo da sabon abu yana da tarihi tun kafin ya buɗe baki. Gwamnatin mulkin mallaka ma ta daɗe tana hana 'yan mishan zama a ƙasashen sarakuna. Abin da ya buɗe ƙofar a shekarun 1930 shi ne aikin da kowa ke gudu, wato jinyar kutare. Mishan ɗin SIM ta karɓi kula da zangon kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Ta zauna a Garko da Roni, da Garun Gabas nan cikin ƙasar Haɗeja. Asibitin ido na Kano yana aiki tun 1943. Ba mu ce duk abin da aka yi a waɗancan zangogi daidai ne ba. Majinyacin da ba shi da wani wurin zuwa ba shi da cikakken ikon cewa a'a, kuma 'yan'uwanmu Musulmi suna da hujja in sun tuna da wannan. Amma ba wanda zai ce waɗancan mutane sun zo Juma'a sun koma Lahadi. Sun koyi harshe har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Sun wanke gyambo shekara da shekaru. Waɗansu an binne su a nan. Masu bishara 'yan ƙasa da suka biyo bayansu, irin waɗanda EMS ta riƙa aikawa tun 1948, da fartanya suka tafi, suka roƙi gona, suka zauna.

Akwai darasi kuma daga Maraɗi da ya kamata kowane kwamitin bishara ya sani. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki da SIM a can fiye da shekara 15, ya gano a 1983 cewa ƙananan tsiron da manoma ke sarewa a gona kututturan bishiyoyi ne masu rai, in an rage rassan aka bar kaɗan za su sake zama itatuwa. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon abinci, manoma da yawa suka bar itatuwan domin a ba su hatsi. Da rabon ya tsaya, da yawa suka koma suka sare su. Waɗanda suka ci gaba su ne waɗanda suka ga amfanin da idonsu, kuma daga gonakinsu ne abin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci, har aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a Nijar. In itacen da aka bari don hatsi bai tsira daga gatari ba bayan hatsin ya ƙare, yaya bangaskiyar da aka ɗaga wa hannu don buhu?

Mun san abin da za a ce mana, domin an sha faɗa. Za a ce fasto ya zama ma'aikacin ƙungiyar agaji, ya ji tsoro, yana so a ɓoye sunan Yesu. Ko kusa. Ba mu yarda da Kiristan da zai haƙa rijiya yana ɓoye ko shi wane ne ba, wannan ma wata yaudara ce. Ka gaya wa mai unguwa da dagaci da limami tun ranar farko cewa kai mai bin Almasihu ne, kuma saboda shi ka zo. Wanda ya tambaye ka dalilin begenka, ka amsa masa dalla-dalla, da tawali'u da ban-girma kamar yadda 1 Bitrus sura 3 ta koya. Wanda ya so karanta Linjila, ka zauna da shi. Abin da muka ƙi shi ne a sa buhu a tsakaninku, har ya zama ba shi da halin cewa bai yarda ba. Mutumin da ya san ruwan rijiyar nasa ne ko ya saurare ka ko bai saurare ka ba, shi ne kaɗai za ka iya gaskata amsarsa.

Za a ce umarnin Matiyu sura 28 bai ba mu damar jira ba. Ku sake karanta shi. Almajirtarwa aka ce, da koya wa mutane su kiyaye dukan abin da aka umarta. Wa ya taɓa yin almajiri a yini ɗaya? Bulus da ake kira sarkin tafiya ya zauna shekara ɗaya da rabi a Koranti yana ɗinkin tanti, ya yi wajen shekara uku a Afisa. Inda ya bar wuri da sauri, yawanci korarsa aka yi, kuma yakan komo ko ya aiko da wani. Ubangijinmu kansa ya yi wajen shekara 30 a ƙauye kafin ya yi huɗubar farko.

Za a kuma ce ko ba komai tafiyar tana ƙarfafa matasanmu, suna dawowa da zafin ruhu. Wannan ita ce amsa mafi gaskiya a cikinsu duka, kuma ita ce ta fi tona asiri. In don matasan ake yi, a kira shi da sunansa, a ce yawon buɗe ido ne na ruhaniya, a daina karɓar baikon gwauraye da sunan mutanen Kirikasamma. Talakan fadama ba dutsen wasa wuƙar bangaskiyarmu ba ne.

To me za a yi? Ku ɗauki biro ku lissafa kuɗin bas zuwa da dawowa, da riguna, da man janareta, da abincin mutum 40 na kwana uku. Ku kai wannan lissafi wurin ikkilisiyar da ta fi kusa da wurin, a Haɗeja ko Malam Madori, ku tambayi fastonta da dattawanta abin da kuɗin zai yi in su aka ba. Wataƙila zai riƙe ma'aikaciyar jinya ko malami guda na wasu watanni. Wataƙila buhunan yashi ne na ƙarfafa jinga kafin ruwa ya iso. Mutanen yankin suna fita aikin gayya su shiga ruwa da lauje da adda suna yanke kacala don buɗe hanyar ruwa, aiki mai wuya, ga matsattsaku, ga kaifin ciyawa. Matasa goma masu ƙarfi da za su nemi izinin dagaci su shiga wannan ruwa tare da su, su kwana inda aka sauke su, su ci abin da aka ba su, su bar waya a jaka, su dawo baɗi da baɗin baɗaɗa wuri ɗaya, za a san sunayensu a garin. Kuma a cikinku akwai masu karatun aikin jinya da koyarwa da aikin gona da na dabbobi. In aka tura ku Jigawa bautar ƙasa, abu na farko da iyaye ke yi shi ne neman wanda zai canza muku wuri. Shekara guda cur da gwamnati za ta biya ku ku zauna a inda muke cewa muna ƙauna, ita muke gudu, sannan mu tara kuɗi mu je kwana uku.

Saboda haka, duk zumuntar da ta kawo mana takardar fita bishara ta bana domin mu sa hannu mu yi addu'a a kai, za mu tambayi shugabanninta ko 'yan'uwan da ke zaune a wurin sun san da zuwan kuma sun yarda, ko an gaida masu garin an faɗa musu gaskiyar ko su wane ne ke zuwa, da wanda zai koma a watan Agusta, da sunansa. Za mu kuma nemi a rubuta a takardar cewa rabon kaya da wa'azi ba za su haɗu a fili ɗaya ba, ba za a ƙirga hannuwa ba, ba kuma za a ɗauki fuskar kowa ba. Takardar da ba ta da waɗannan za mu mayar wa kwamiti ya sake zama a kanta.